Faifan Bahaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

"Wa ke saƙa faifan nan mai juyawa hagu?" Jimina ce ke tambayar Kurciya dillaliya a kasuwa. Bushiya na laɓe bayan rumfa tana saurare. Ita ce mai saƙar, bahaguwa ce, ga kunya, kuma ta riga ta ce in aka kushe shi yau, ita da kaba har abada.

"Hajiya, mai shi ba ta son a faɗa," in ji Kurciya.

"To, ba ni uku. Na sauran duk kamarsu ɗaya."

Bushiya ta buɗe baki za ta ce "Ni ce!" sai Zakara sarkin iyayi ya leƙo.

"Wannan karkataccen? Ko kyauta ba na so!"

Jimina ta ce, "Malam, yaushe ka san bakace? Kai da sai tsince abin da ya zube!"

Bushiya ta dunƙule tana dariya. Faifai ɗaya, baki biyu! Ta biya ta sayi sabuwar kaba, ta koma gida.

"Amarya, wannan murmushi fa?" in ji mijinta.

"Ba komai, maigida."

Ta ƙudura a ranta ko shi ba zai ji abin da ya faru a kasuwa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu!