Littafin Iya Edna da gidan ƙarshen kwari

Akwai wani makiyayin tumaki a arewacin Ingila, Stuart Metcalfe, mutum mai ƙwazo amma ba ya jin shawara.

Shekara tara ƙauyensu na roƙon kamfanoni su kawo intanet mai sauri, kullum amsar ɗaya ce: gidajenku sun yi nisa, babu riba. Da suka gaji, suka kafa ƙungiyar gama kai, kowa ya ɗauki shebur, su haƙa rami su binne wayar intanet ɗin da kansu. Stuart ne shugaban masu haƙa.

Shi sauri yake yi. 'Yarsa Bethan, wadda aikinta duk a kwamfuta yake, ta ce masa: "Baba, in sanyi ya shigo babu intanet, birni zan koma. Wallahi na gaji da hawa tudu neman sabis."

Saboda haka a taro ya ce a cire gidan Iya Edna Alderson, wata tsohuwa a can ƙarshen kwari, daga cikin aikin.

"Mako uku don gida ɗaya? Me tsohuwa za ta yi da intanet, tumaki za ta kira?"

Aka yi dariya. Ashe Iya Edna tana zaune a baya, ta ɗauki jakarta ta fita.

To, haƙa ta fara. Kwana huɗu da farawa suka fasa wani tsohon bututun da ke janye ruwa a ƙarƙashin gona, makiyaya ta zama fadama. Suka gyara, suka fasa wani. Har sau biyar! Masu gonaki suka rufe ƙofa, masu haƙa suka fara janyewa. Kowa ya san marigayi mijin Edna ne ya binne duk bututun nan, ya zana inda suke a littafi, amma girman kai ya hana Stuart zuwa. Mako shida yana fama da taɓo, bayansa kamar zai ɓalle.

Ranar da ya je, ko zancen taron ba ta ɗauko ba. Ta zuba masa shayi, ta miƙo littafin.

"Tun ranar taro yana cikin jakata, ɗan nan. Kawo maka shi na je yi."

Kunya ta rufe shi. "Iya, me kike so da intanet ɗin?"

"Ɗana yana Ostireliya. An yi mini jika, muryarta kawai na sani."

Da littafin nan ba su sake fasa ko bututu ɗaya ba, har gidan Edna waya ta kai. Sai dai sanyi ya riga su. Bethan ta ɗaure kayanta ta tafi birni kwana goma sha ɗaya kafin wayar ta iso gidansu.

Yanzu duk Lahadi Edna na ganin jikarta a allon kwamfuta. Stuart ma ta nan yake ganin 'yarsa.

Darasi: Aikin gayya ba ya tafiya in an yar da na ƙarshe, kuma wanda ka raina a taro wataƙila maganin wahalarka ne a jakarsa. Ku tura wa duk wani shugaban ƙungiya da kuka sani.