Yadda Tasalla Ta Karɓo Tabarmar Mijinta

"Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta ƙaraso, Kaka, mun buɗe kunne."

To, ku matso. Habi, ajiye kwanon nan, tuwon ba zai gudu ba.

A wani gari na dabbobi akwai bushiya biyu, mata da miji. Mijin sunansa Nagoma, matar kuwa Tasalla. Nagoma masaƙin tabarma ne. Wata rana ya ɗauki rinanniyar kaba ya saƙa wata tabarma da ba a taɓa ganin irinta ba, don ƙasa ce sukutum a kanta. Ga gulbi shuɗi, ga gada, ga daji, ga birni mai ganuwa, ga kogon dodo. Kusurwa ɗaya ce kawai ya bari fara fat, bai sa mata launi ba.

Da la'asar, in an dawo daga gona, sai ya shimfiɗa ta a gindin tsamiya a taru a yi wasa. Ba caca ba ce, ba a sa komai. Kowa zai zo da tsakuwarsa, ita ce jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya faɗi sana'arsa. Nagoma ne jagora. Shi zai faɗi abin da jarumai suke gani, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin mai wuya ne, sai a watsa wuri huɗu a tsakiyar tabarma, kowa yana kallo. Uku ko huɗu suka buɗe baki sama, an yi nasara. Biyu da biyu, an samu amma an sha wuya. In ƙasa da haka ne, sai wata sabuwar matsala ta taso.

Kowane dodo na Nagoma yana da abin da ke damunsa. Wani haƙori ke masa ciwo, wani akuyarsa ce ta ɓata. Ita kuwa farar kusurwa, dokarta ita ce duk wanda jaruminsa ya taka ta, shi zai faɗi abin da ke cikinta, jagora ya yi shiru. Ba wanda ya taɓa kaiwa can, don kullum daɗin hanya ke ɗauke musu hankali.

Ana nan, ana nan, sai Nagoma ya kwanta ciwo, kwana shida ya rasu. Tasalla ta shiga takaba. Abin da ya bar mata a duniya biyu ne: tabarmar, da tsakuwarsa ta wasa, wadda ya tsinto a gulbi tun yana saurayi, ya sa mata suna Ɗan Gulbi. Ja ce mai duhu, ta yi sumul don yawan shafawa. A ƙarƙashin matashinta take kwana da ita. Kada ku yi dariya. Wanda bai rasa nasa ba ne ke ganin abin wauta ne.

Ranar addu'ar bakwai sai ga Gizo ya zo gaisuwa. Ya yi kuka har da majina, ya ci tuwon sadaka kwano uku. Sannan ya ce wa Tasalla ai bai kamata wasan marigayi ya mutu tare da shi ba, ta ba shi aron tabarmar ya riƙe wa jama'a kafin ta fita takaba. Ita kuwa zuciyarta a karye take, ta miƙa masa.

Ranar farko da Gizo ya zauna a mazaunin jagora ya kawo sabuwar doka. Ya ce tsakuwa tana cinye kaba, daga yau jarumi sai na ƙuli-ƙuli. Kuma duk jarumin da ya mutu, jagora zai cinye shi a gaban kowa, don kada wani ya dawo da matacce ta bayan gida. Kura ta tambaye shi cikin wasa, to in ya ƙoshi fa? Gizo ya yi dariya har ya kwanta. Ya rantse a gaban jama'a, ya ce ranar da ya kasa cinye jarumi, ranar zai tashi daga tabarmar har abada. Wurin kuma ya daina watsa shi a fili. Sai ya kife shi da ƙoƙo, ya leƙa shi kaɗai, ya faɗi abin da ya ga dama.

Zomo ne ya fara zuwa gidan takaba da ƙara. Ya ce jaruminsa maharbi ko gada bai ƙetare ba dodo ya murƙushe shi, Gizo ya ɗauki ƙuli-ƙulin ya tauna a gabansa, ƙurus-ƙurus, yana kallon idonsa.

Bayan kwana biyu Kura ta zo. Ta ce jarumarta 'yar dambe ta bi hanyar birnin zinariya ta faɗa rami. Ta mulmula ta ƙatuwa kamar goruba, amma Gizo ya tauna ta a hankali, ƙurus-ƙurus, har yana tambayarta ko a ina ta sayi gyaɗar.

Na uku Kwaɗo ne. Nasa jarumin ɗan ƙarami ne, mai busa sarewa. Ya ce shi ko taunawa Gizo bai yi ba, jefawa ya yi a baki ya haɗiye, ƙut.

Tasalla ta tambaye su me dodon gadar yake so. Suka ce ba ya son komai, kisa kawai yake yi. Ta tambaya ko akwai wanda ya nufi farar kusurwa. Suka ce Gizo ya ce babu hanya. Ta ci gaba da ƙirga kwanakinta, wata huɗu da kwana goma.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta ɗaura zanenta, ta tafi gindin tsamiya. Ta tarar da Gizo ya yi ƙiba, tabarmar duk maiƙo. 'Yan wasa sun ragu, su Zomo suna zaune gefe ba mai jarumi. Ta ce ta zo karɓar kayanta.

"Haba, Iya Tasalla," in ji Gizo, "ai tabarmar nan ta zama ta jama'a. Ni wahala kawai nake yi musu."

"To, zan shiga wasan."

"Kin san doka?"

"An faɗa mini ita sau uku."

Ta kwance bakin zanenta ta ajiye Ɗan Gulbi a kan tabarma. Ta ce wannan na mijinta ne. Gizo ya ga abu ja yana sheƙi, yawu ya cika masa baki. A ransa ya ce lallai tsohuwa ba ta yi rowar mai ba. Bai taɓa ba, bai tambaya ba. Ita kuwa Tasalla gabanta faɗuwa yake yi, don ta tuna da na Kwaɗo. In Gizo ya haɗiye, shi ke nan, ba ta da sauran Nagoma a duniya.

Aka fara. Gizo ya ce Ɗan Gulbi ya iso gada, ga dodo ya tare hanya, kansa bakwai, kowane kai da wuta a baki. Ya ce ta zaɓa, faɗa ko gudu.

Tasalla ta ce Ɗan Gulbi ya yi wa dodo sallama, ya tambaye shi ya gida, sannan ya tambaye shi me ke damunsa.

"Ba abin da ke damunsa. Dodo ne."

"Kowa yana da abin da ke damunsa, ɗan nan. Kai bakwai ne da shi, ko ɗaya ba ya ciwo?"

Jama'a suka fashe da dariya. Sai Gizo ya faɗi abin da ke cikin nasa ran, ya ce dodon yunwa yake ji. Tasalla ta ce to madalla, Ɗan Gulbi masunci ne, zai kama masa kifi bakwai. Gizo ya miƙa hannu zai ɗauki ƙoƙo, sai ya tarar Tasalla ta riga ta zauna a kai, ta tayar da ƙayoyinta. Ta ce ƙafafunta ne ke ciwo, in yana son ƙoƙonsa ya ɗaga ta. Gizo ya kai hannu ɗaya ya janye. Ya kai na biyu ya janye. Ya kai na uku ya sa shi a baki yana tsotsa. Dole ya watsa wuri a fili. Uku suka buɗe. Dodo ya ci kifi ya ba da hanya.

Zomo ya matso kusa.

Sai Gizo ya sake dabara. Ya ce ga hanyar dama, shimfiɗaɗɗiya, ta tafi birnin da ake yin tukwane da zinariya. Ya yabi birnin, ya yabi ƙofofinsa, ya yabi har ƙudajensa. Tasalla ta bar shi ya gama, sannan ta ce Ɗan Gulbi yana da tukunya a gida, hagu zai bi. Gizo ya ce babu hanya a hagu. Ta nuna masa da yatsa inda mijinta ya saƙa ta da jar kaba, ta ce tana zaune a gefensa ranar da ya saƙa. Ya ce to ambaliya ta cinye ta. Ta ce a watsa. Aka watsa, biyu da biyu. Ita da kanta ta ce Ɗan Gulbi ya ƙetare, amma ruwa ya tafi da hularsa da komarsa, ya fito yana rawar sanyi. Ba ta nemi sauƙin da wuri bai ba ta ba.

Kura ma ta matso. Kwaɗo ya hau kan saiwar tsamiya don ya gani da kyau.

Yanzu tsakanin Ɗan Gulbi da farar kusurwa bai fi taku ɗaya ba. Gizo ya san in ya taka ta, dole ya rufe bakinsa, tsohuwa ta yi magana. Ga yunwa, ga kunya, ga mutane suna masa dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya miƙe tsaye ya ce aradu ta faɗo daga sama ta kashe Ɗan Gulbi.

Tasalla ta ce a watsa wuri. Ya ce ba a watsa wa aradu wuri. Kafin wani ya yi motsi ya warce jarumin, ya ɗaga shi saitin bakinsa, kamar yadda ya yi wa na Kwaɗo.

Tasalla ta gyara zama a kan ƙoƙon. Ta dube shi ido cikin ido.

"Gizo, na ga an fita da mai shi a makara, ban faɗi ba. Ko a cikin kunnena ka tauna shi, ba za ka ga hawayena ba."

Gizo ya sauke hannunsa. Haɗiya ba za ta ishe shi ba kuma. Ya tako har inda take, ya sunkuya daidai kunnenta, ya sa Ɗan Gulbi a turmin haƙoransa na dama, ya datsa da duk ƙarfinsa.

Ƙas!

Haƙoran dama suka zube a kan tabarma. Don taurin kai ya mayar da shi hagu. Ƙas! Na hagu suka bi su. Ya gwada da na gaba, su ma suka tafi. Sai ya tofar da shi, ya riƙe baki yana tsalle, yana cewa an cuce shi, dutse ne, doka ta ce ƙuli-ƙuli.

Tasalla ta ce dokarsa ce, ba ta mai tabarma ba. Ai ta faɗa masa na mijinta ne, ya taɓa ganin mijinta yana wasa da abinci? Kura ta tashi ta tsaya a kansa, ta tuna masa rantsuwar da ya yi, kalma bayan kalma. Ta ce ko ya cinye, ko ya tashi. Gizo ya dubi dutsen, ya dubi Kura, ya tashi.

Tasalla ta ɗauki Ɗan Gulbi ta goge shi da bakin zanenta. Akwai ɗan zane inda haƙori ya karce shi, amma yana nan. Ta ce tunda ba a cinye shi ba, bai mutu ba. Ta tura shi taku ɗaya, ya shiga farar kusurwa.

Kwaɗo ya tambaya a hankali, "Iya, me ke ciki?"

Ta ce akwai tsamiya, akwai wani tsoho a gindinta yana saƙar tabarma. Ya ɗago kai ya ga Ɗan Gulbi ba hula, jiƙe sharkaf. Ya matsa ya ba shi wurin zama, ya ce, ka daɗe a hanya.

Kura ma, da duk haƙoranta, ta juya fuska tana shafa ido.

Washegari Tasalla ta wanke tabarmar, ta saƙa tsamiyar a kusurwar, ta ƙara wani sabon farin yanki a gefe don na gaba. Da la'asar ta zauna a mazaunin Nagoma. Zomo da Kura da Kwaɗo suka zo da tsoffin tsakuwoyinsu. Ta watsa wurin a fili don kowa ya ga ba komai a ƙarƙashinsa, sannan ta tambaye su ina suke so su je.

Shi kuwa Gizo, tun daga ranar ba ya tauna, sai tsotsa. Ku duba kusurwar ɗakin nan, za ku gan shi ya saƙa tasa ƙasar, duk hanyoyinta bakinsa suka nufa. Ba mai zuwa wasansa sai ƙuda, shi ma ba ya zuwa sau biyu.

Abin da za ku riƙe shi ne, in aka ba ka jagorancin wasa, ba don ka cinye 'yan wasa aka ba ka ba. Ka watsa wurinka a fili, ka bar wa mutane wurin da za su faɗi nasu. In kuma wani ya zauna a kan abin da naka ya bar maka, ka je ka karɓo, ko da ƙafarka tana rawa.

Ƙungurus, ga kan ɗan kusu, ta ƙare. Ku tashi haka nan. Habi, naɗe tabarmar kakanku a hankali, ta gefen nan ta fara warwarewa.