Nazifa da Neman Rezo a Bakin Komadugu

Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Nazifa, 'yar Kano, da ta zo Diffa aikin sa kai a shekarar 2017. Ƙungiyar da ta ɗauke ta ta tura ta wani ƙauye kusa da Gagamari, inda 'yan gudun hijira suka yi yawa.

Nazifa ta iya aikinta, amma bakinta ba shi da daɗi. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne rashin rezo, wato sabis ɗin waya. Kullum sai ta aika wa buro, wato ofishin ƙungiyar da ke Diffa, sunayen magungunan da suka ƙare, ga kuma mahaifiyarta a Kano da ke jiran muryarta. Sai ta ɗaga salula sama ta zagaye ɗakin shan magani, saƙo ya ƙi tafiya.

"Wannan wane irin gari ne?" take cewa a gaban marasa lafiya. "Ku dai ba ku san komai ba sai tattasai da kifi."

Da ta hango Grema, mai unguwar, sai ta sauya hanya don kada ta gaishe shi. Mutane suka bar yi mata magana. Mata su karɓi magani su juya ba godiya.

Rannan ta gano cewa idan ta gangara bakin kogin Komadugu, layinta na Najeriya yana kamawa daga tsallake. Ta mai da wurin ofis, kullum bayan la'asar.

Iya Fati, dattijuwar da ta gudo daga Bosso take yi mata tafinta da Barbarci, ta tare ta a ƙofa.

"'Yata, bar zuwa bakin ruwan nan. Soji sun hana. Mutane kuma sun fara cewa labarinmu kike kai wa 'yan bindigar da ke tsallake."

"Tafinta aka ɗauke ki, ba gadi ba," in ji Nazifa. "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, me kika sani game da intanet?"

Iya Fati ta gyara mayafinta. "To, Malama." Daga ranar ba ta ƙara kiran ta 'yata ba.

Mako biyu bayan haka ƙyanda ta ɓarke, maganin yara ya kusa ƙarewa. Nazifa ta gangara kogi da sauri. Tana tsaye cikin gonar tattasai, salula a sama tana kallon tsallake, sai motar sintiri ta tsaya a bayanta.

Sojojin suka karɓe salular. Layin Najeriya ne, ga hotunan ƙauyen a ciki, ta bar katin aikinta a ɗaki. Suka kawo ta gaban jama'a.

"Wa ya san matar nan?" babbansu ya tambaya.

Nazifa ta duba fuskokin da take gani kullum. Kowa ya sunkuyar da kai.

Grema ya ce, "Muna ganin ta dai. Abin da take yi a bakin ruwa, ita ta sani."

Iya Fati kaɗai ta matso. "Mai magani ce. Ba ta da kirki, amma ba ta tare da mutanen daji."

Shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Aka wuce da ita Diffa, ta kwana uku ana yi mata tambayoyi kafin buro ya fito da ita. Saƙon maganin bai tafi ba. A cikin kwanakin nan yara biyu suka rasu.

Ƙungiyar ta ce aikinta ya ƙare. Da ta koma kwashe kayanta, ta tarar da Iya Fati tana sharar ɗakin.

"Iya, ki yafe mini," ta ce. "Ba ni da wata hanya ne, can kaɗai ake samun rezo."

Iya Fati ta tsaya da shara. "Wa ya gaya miki? Bayan masallacin Juma'a akwai tudu. Duk masu sayen tattasai can suke hawa su kira Damagaram. Tudun minti biyar ne daga nan."

Nazifa ta ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Ranar da na tare ki a ƙofa, shi na zo faɗa miki. Ba ki bari na ƙarasa ba. Bayan haka ni ma zuciya ta ci ni, na yi shiru. Yaran nan biyu, ni da ke duka za mu amsa tambaya a kansu."

Nazifa ta shiga mota ba wanda ya raka ta.

Darasi: Idan ka je garin da ba naka ba, ilminka ba zai nuna maka hanya ba, mutanen garin ne za su nuna maka, kuma ba sa buɗe baki ga wanda ya raina su. Wanda aka ɓata wa rai shi ma kada ya riƙe maganar da za ta ceci rai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin zuwa aiki a wata ƙasa.