Yahuza da Girgijen da Ba Ya Tashi

A zamanin da, tun giwa na kiwo a inda yau ake cin kasuwa, an yi wasu mutane da ba su da gari. Maƙwabta na kiran su Masu Bin Hadari. Su kuwa da bakinsu cewa suke su Bani Isra'ila ne, daga cikin ƙabilun nan da aka kwashe daga ƙasarsu a can gabas, suka ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, Allah ne masani. Jikokinsu dai har gobe in ka musa musu sai su daina amsa gaisuwarka. Abin da kowa ya shaida shi ne ba sa hura wuta ran Asabar, ba sa cin jijiyar cinyar dabba, kuma ba sa barin ƙullin gurasarsu ya kwana ya yi tsami, wai su kullum sauri suke yi.

Doka ɗaya ce ta riƙe su. Kakanninsu sun bar musu magana cewa girgije ne ya fitar da su daga bauta tun farko, kuma girgije ne zai mai da su gida: in ya tsaya su tsaya, in ya tashi su tashi. Saboda haka da rani, sama tana fayau, sai su kafa bukkoki a gefen wani gari, maza na farauta da jima, mata na kaɗi. Da hadarin farko ya haɗo, sai babbansu ya busa ƙahon rago, su naɗe tabarmi su bi bayan hadarin. Lokacin da kowane mai hankali ke ɗaukar fartanya, su lokacin suke ɗaukar sanda. Ba su taɓa cin abin da suka shuka ba, don ba su taɓa tsayawa su ga tsironsa ba.

Abin da ya fi ɗaci a dokar shi ne ba a jiran kowa. Wanda tsufa ko ciwo ya hana shi tafiya, sai a zaunar da shi a inuwa, a ajiye masa goran ruwa da gurasa da sandarsa, a wuce ba waiwaye. Suna cewa wai zai biyo baya in ya huta. Babu wanda ya taɓa biyowa, kuma kowa ya san haka.

A cikin waɗannan mutane aka haifi Yahuza, maharbin da maroƙa ke yi wa kirari: Yahuza na Rahila, baka mai magana sau ɗaya! Dogo gaban ciyawa, kura ta ji warinka ta sake hanya! Uwarsa Rahila ta haifi 'ya'ya da yawa, hanya ta cinye su, shi kaɗai autanta ya rage mata. Mutum ne da ba ya iya zama. In mutane na hira a inuwa, shi yana bisa wani dutse yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa.

A ranin da muke magana, gwiwoyin Rahila suka kumbura, har ta kai ko randa ba ta iya zuwa sai da rarrafe. Zafin bazara ya tsananta. Shamuwa ta iso ta sauka a kan kuka, alamar damina ta ƙarato. Yahuza ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya fita daji ya dawo, ya zauna ya tashi, abinci ya ƙi shiga. Daga bisani ya tafi wurin Lawi, dattijon da ke riƙe da ƙaho, ya same shi yana shafa wa ƙahon man kaɗanya. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ina da tambaya, in ba za a ga rashin kunyata ba."

"Tambayi, ɗan Rahila."

"Gidan nan da ake cewa za mu koma, a ina yake?"

"A gabas mana. Yaron goye ma ya sani."

"To, Baba, tun ina saurayi nake hawan duwatsun ƙasar nan. Ban taɓa ganin hadarin da ya nufi gabas ba. Daga gabas yake tasowa, yamma yake tafiya. Mu da muke bin sa, kowace damina ƙara nisa muke yi da gida."

Lawi ya daina shafa man. Sa'an nan ya ajiye ƙahon a cinyarsa.

"Ka ɗauka kai ne na farko da ya ɗaga kai ya dubi sama? Na sani. Ubana ma ya sani."

"To don me, Baba?"

"Na bar uwata a gindin wata kuka, a hayin wani kogi, tana kiran sunana. Ban waiwaya ba, don an ce mini hanyar gida ce. Yanzu so kake in tsaya gaban jama'a in ce musu hanyar banza ce? Duk wanda ka gani a zangon nan ya bar wani a ƙarƙashin itace. Da wane baki zan gaya musu?"

"Inna ba za ta iya tafiyar bana ba."

"Na ga gwiwoyinta. Ba ni na yi doka ba, ɗana, busawa kawai nake yi. Kawo mini girgijen da ke tsaye wuri ɗaya, sai in rataye ƙaho."

Ya faɗi haka ne don ya sallame shi. Amma maharbi in aka ce masa kawo, ba ya jin ba'a a ciki.

Yahuza ya rataya kwarinsa ya faɗa daji, shi kansa bai san inda ya nufa ba. A bakin wata fadama ya yi kiciɓis da ɓauna mai farin goshi, ita kaɗai, ba garke. Ya ɗana ya saki. Kibiya ta shige ta a kafaɗa, kuma kibiyar Yahuza ba a sa mata ta biyu. Amma ɓaunar ta dube shi kamar mutum, ta juya ta nufi kudu tana tafiyar hankali. Masu ba da labari sun ce ba ɓauna ba ce, wani abu ne ya rikiɗa. Ya bi sawun jini, ƙasa ta soma hawa, itatuwa suka yi duhu, duwatsu suka miƙe. In ya gaji ya zauna sai ta tsaya, in ya tashi sai ta ci gaba.

Rana tsaka wata rana ya ji ƙugi kamar na tsawa, alhali sama tas take. Ya kutsa ta cikin gora, sai ga shi a bakin wani kwari. Kogi ne ke faɗowa daga ƙwanƙolin dutse zuwa ƙasa mai nisa, kuma a kan kwarin ga farin girgije tsaye, da bakan gizo a cikinsa. Ɓauna ta shige cikin farin nan, ba ta fito ba. Kibiyarsa kuwa ya same ta ajiye a kan wani falalen dutse, an wanke ta tsaf.

Bai yarda da idonsa nan da nan ba. Ya zauna yana gadin girgijen kamar mai gadin gona. Iska ta kaɗa shi, ya karkata ya dawo. Rana ta dake shi, bai watse ba. Yahuza na cikin wannan kallo sai ya hango arewa maso gabas ta yi baƙi ƙirin, walƙiya na wasa a ciki. Ya tuna da Rahila. Ya juya da gudu.

Ko da ya iso zango, an riga an busa ƙaho. Bukkoki wayam, tokar murhu ta jiƙe, ruwan farko ya sauka ya wuce. A gindin wata tsamiya ya sami Rahila zaune, ta sa goranta a gaba, ba ta ko buɗe shi ba.

"Auta, me ya dawo da kai? Maza bi su, ba su yi nisa ba."

"Hau bayana, Inna."

"Kai, rufa mini asiri. Ni ma haka na bar tawa uwar. Wa na fi?"

"Hau, Inna."

"Namiji da gemu, da goyo? Dariya za a yi maka."

"Su yi."

Ya durƙusa, ya ɗaure ta da zanenta kamar yadda ta taɓa ɗaure shi. Bai nufi kudu da ita su kaɗai ba, ko da yake hakan ya fi sauƙi. Sawun ayarin ya bi, har ya cim musu a wani fili.

Tun da aka san Masu Bin Hadari, ba wanda aka bari a inuwa ya sake bayyana. Da suka ga Rahila sai mata suka yi kururuwa, wasu suka zubar da kaya suka ruga, sun zaci fatalwa ce. Yahuza ya ratsa tsakiyarsu, gumi na zuba, har gaban Lawi.

"Baba, ka ce in kawo maka girgijen da ke tsaye. Na same shi, amma ba ya ɗaukuwa. Sai dai ka zo ka gani."

Bai jira amsa ba, ya juya kudu da goyonsa. Sai wani mutum da ya bar ubansa a wannan tashin ya jefar da kayansa, ya koma baya da gudu yana kuka don ya ɗauko shi. Wata mata ta bi shi, ita ma ta bar yayarta. Ayari ya rabe gida biyu. Wasu suka ce Yahuza ya haukace, suka ci gaba da bin hadari zuwa yamma, kuma ba a sake jin labarinsu ba. Sauran suka bi mai goyo. Lawi na can baya, ƙaho a wuyansa, bai ce a tafi ba, bai ce kada a tafi ba.

Da suka iso bakin kwarin, jama'a suka tsaya suna kallon girgijen. Lawi ya gangara shi kaɗai har cikin farin, ya tsaya har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya hauro, ya ja Yahuza gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Feshin ruwa ne wannan, Yahuza."

"Na sani, Baba. Wancan da muke bi ma ruwa ne."

Dattijon ya dubi tsohuwar da ke bayan maharbin, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, barci ya ɗauke ta. Ya daɗe yana dubanta. Sa'an nan ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya yadda za ta fi ƙugin ruwa.

"Girgije ya tsaya! Ku sauke kaya!"

Ya cire ƙahon daga wuyansa ya wurga shi cikin kwari. Aka kwance Rahila, aka shimfiɗa mata tabarma. An ce kukan da aka yi ran nan ya fi na murna yawa, don kowa ya tuna da wanda da an kawo shi nan da yanzu yana zaune.

Da gari ya waye aka ga Lawi ya ɗaura ɗamara, sanda a hannu. Yahuza ya tare shi.

"Ina zuwa, Baba, bayan kai ka ce a sauka?"

"Ku aka ce wa. Ni akwai kukar da zan nema."

"Shekaru nawa ke nan? Me za ka tarar?"

"Ko ba komai, in waiwaya."

Ya kama hanya, rana na dukan fuskarsa. Shi ne na farko a cikinsu da ya taɓa yin doguwar tafiya gabas, kuma bai dawo ba.

A daminar nan suka ari iri da fartanya wurin mutanen dutse, suka yi noman da ya ba maƙwabta dariya, kunyoyin gona a karkace, shuka a cunkushe. Duk da haka dawa ta yi. Rahila ta ci tuwon farko, ta ce gishiri bai ji a miya ba, ta kuma nemi ƙari. Ta rayu har ta ga rumbu a cike. Da ta rasu aka binne ta a bakin kwari, kabari na farko da mutanen nan suka san inda yake.

Wurin ya zama gari mai ganuwa da kasuwa, amma har yau ba su yarda a ce masa gari ba, sai Zangon Rahila, wai ai sauka suka yi, ba zama ba. Ba sa harbin ɓauna, ba a busa ƙaho a cikinsa ko da na wasa. Kowace shekara, ran da hadarin farko ya haɗo, sai a rufe kasuwa, kowane magidanci ya goya tsohon gidansa ya kai shi bakin kwari ya ga girgijen yana nan. Za ka ga attajiri mai furfura yana nishi, uwarsa a baya tana yi masa faɗa ya yi a hankali. Wanda kuwa ba shi da sauran tsohon da zai goya, ba ya bin su. Ƙofar gabas yake tafiya, ya tsaya yana duban hanya har ruwa ya sauko.