Alhaji Mamuda da Manhajar Kowa da Kowa

Wasu matasa a Zariya suka rubuta manhajar da ke sanar da manoma farashin hatsi, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Ran nan Alhaji Mamuda, wanda kamfaninsa ke ɗaukar nauyinsu, ya kira shugabarsu Hansatu.

Ya ce, "Manhajar nan ta ci gaba da zama ta kowa, don a riƙa yabona. Amma kada kamfanin Sambo, abokin hamayyata, ya ƙara taɓa ta. In ba haka ba, na janye hannuna."

Hansatu ta russuna. "An gama, ranka ya daɗe. Mu raba gari da su ke nan?"

"Kwata-kwata!"

"Har abin da ma'aikatansu suka rubuta a ciki mu cire?"

"Ku kankare shi tas! Ko warinsu ba na so."

"Madalla. Sai dai sashen da ke aika wa kwastomominka saƙo, su suka rubuta shi. Yanzu za mu goge, ko sai ka yi wa kwastomomin sallama?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Wai Sambon nan, kina da lambarsa? Mun kwana biyu ba mu gaisa ba."