Saura Kaɗan, Taken Jatau Maharbi

A can zamanin da giwa ke ratsa gonaki da rana tsaka, an yi wani maharbi a Tudun Kanya mai suna Jatau. Tun yana saurayi ya bi sawun giwaye ya yi gabas, shekara da shekaru ba amo ba labari. Da ya dawo, da ƙyar ya gane garin. Kanyar da garin ya ci sunanta ta bushe, an sassaƙe ta an yi turame. Tafkin da ya koyi iyo a ciki ya zama faƙo, awaki na yawo a kai. Mahaifiyarsa ta rasu, an jibge kara a ɗakinta. Rabin gidaje sun zama kufai saboda ƙishirwa. Abu ɗaya ya tarar yadda ya bari, kakansa Barmo mai goge, a zaure, bakinsa bai mutu ba.

"Wa nake gani haka? Ɗan nema, ai mun ci gumbarka tuni!"

"Sai ka amayo ta, tsoho," in ji Jatau. Ya jefa masa fatar guza tsaraba. Bai ko zauna ba.

Barmo ya shafa fatar, ya tambayi inda aka same ta. Jatau ya ce a Kwarin Ɓauna, wurin da ko rafi babu. Tsoho kuwa ya san guza ba ya nisa da ruwa. Ya rufe ƙwaryar gogensa da fatar, ya sa jikan a gaba, majiya ƙarfin gari na biye da magirbai. Suna tafe yana goga izga a kan tsagiyar goge. Da suka iso gindin wani marke, sai fatar ta yi sanyi, muryar goge ta faɗa ƙasa kamar mai magana daga cikin tulu. Barmo ya ce, "Nan za a haƙa."

Amma kwarin na ɓauna ne, ba mai yarda ya shiga rami sai Jatau na tsaye a kansa da baka. Shi kuwa ƙafarsa ƙaiƙayi take. Haƙa ta yi nisa, aka ci karo da marmara, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Wata safiya Jatau ya rataya kwari, ya ce sawun giwa ba ya jiran kowa. Masu haƙa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

To, a al'adar maharban wancan zamani, muddin izga na kan tsagiya ana kaɗa taken mutum, ba ya juya wa kiɗan baya. Wanda ya yi haka, kibiyarsa ta daina cin nama. Barmo ya shafa wa izga ƙaro, ya ja wani sabon take, yana kirari: "Jatau na Barmo, guguwa ba ki da masauki! Baƙon gidan ubansa, ɗan daji!"

Jatau ya tsaya cak. Masu haƙa suka dubi juna, suka koma rami.

Rana ta take, kiɗa bai tsaya ba. "Tsoho, kai ƙarshe mana," in ji Jatau.

"Saura kaɗan."

Duk inda taken ya nufi sauka, sai Barmo ya murɗa shi ya sake hawa. Jatau ya yi ta zagayen marke kamar zaki a keji. "Ka ɗaure ni kamar akuya a turke!"

"Gashin doki ne fa, ja'iri. Tsinke shi in ka isa."

Masu ba da tarihi sun ce rana ta faɗi ta fito, ta sake faɗuwa ta fito, tsohon bai ajiye izga ba, fura ma a baki ake ba shi. Wata tsohuwar ɓauna ta taso wa ramin, Jatau ya kwantar da ita da kibiya ɗaya. Da ya waiwayo, sai ya ga yatsun kakansa na jini, gashin tsagiya na tsinkewa sili-sili. Bai ƙara tambayar ƙarshe ba. Ya miƙa wa wani bakansa, ya karɓi magirbi, ya faɗa ramin da kansa. Da hantsi marmara ta tsage, ruwa ya feso har ƙirjinsa.

Nan take Barmo ya ɗage izga a tsakiyar kiɗa.

Jatau ya fito jiƙe sharkaf. "Ina ƙarshen?"

"In ka dawo ka ji."

Mutanen Tudun Kanya suka tashi suka kafa gari a bakin rijiyar, har gobe Rijiyar Jatau ake ce mata. Taken kuwa Saura Kaɗan masu goge ke kiransa, shi suke kaɗa wa duk ɗan garin da ke ɗaure kayan tafiya. Ba mai kai shi ƙarshe. Kowa na ɗage izga a daidai inda Barmo ya ɗage tasa, ranar da Jatau ya cika gorarsa da sabon ruwa, ya duƙa yana ɗaura takalmi, fuskarsa na kallon gabas.