Daɓen Nomau Mai Zaren Rama

An yi wani mutum a wani gari, zamanin da siminti ya fara shiga ƙauyuka, magini ne, ana ce masa Nomau. Bawan Allah ne marar hayaniya, sai dai yawan tsaki.

Mutanen garin suka gina siton hatsi mai ɗaki biyu, suka ba shi aikin daɓe. To, ku saurara. Kwana uku Nomau na zaune yana yanka zaren rama guntu-guntu, yana cuɗa shi da yashi. Alhaji Barmo, mai kula da ginin, ya gaji da kallo.

"Malam Nomau, daɓe muka sa ka ko tufkar igiya?"

"Alhaji, siminti in yana bushewa tsukewa yake yi, sai ya tsage. Zaren nan shi ke riƙe bakin tsagar."

"Wannan ai dabarar ginin laka ce."

Nomau ya yi bayani, ya sake bayani, ya yi har maƙogwaro ya bushe. Aka karɓe ɗaki ɗaya aka ba wani magini, Jatau, ya gama a wuni guda, sumul kamar faranti. Nomau ya zuba nasa, ya kwana bakwai yana yayyafa ruwa, yana tsaki, ana dariya.

Damina ta sauka. Daɓen Jatau ya dare, danshi da gara suka hau, gero buhu arba'in ya lalace. Jama'a suka taru za su kori Jatau daga gari, suna cewa na Nomau ko tsaga ɗaya babu.

"Akwai," in ji Nomau.

Ya ja Alhaji zuwa kusurwa, ya kawar da buhu, ya nuna masa tsaga siririya kamar gashi. "Ni ban ce ba ya tsagewa ba, cewa na yi ba ya wangalewa. A da kun ƙi jina, yanzu kuma kuna ƙara mini abin da ban faɗa ba. Jatau kuwa, ku kuka tsaya a kansa kuna cewa ya yi sauri."

Ya saɓi damin rama, ya dubi Jatau. "Tashi, ɗauko wuƙa. Mu fasa daɓen naka mu sake."

Kun ji fa, jama'a. Mu kuwa a yabe mu da abin da ba mu yi ba, sai mu yi gum muna murmushi. Ɗan'uwa ya faɗi, mu ce ai mun faɗa. Mai gaskiya ba ya karɓar yabon da ya wuce aikinsa, ba ya taka wanda ya faɗi. Kai tela, kai makanike, ke mai sayar da abinci, kowa ya san aibun aikinsa. Ka nuna shi da hannunka tun ba a tono ba. Allah ya sa mu gyara.